Bodarin da Ke Ƙarƙashin Sitona

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Bodari ya sauka gidana. Ban gayyace shi ba, amma a makon nan shi kaɗai ne ya shigo gidan maimakon ya fita.

Shekaranjiya karen Alhaji Maliki, maƙwabcina na hannun dama, ya tsallako ta inda katangarmu ta zube, ya cusa hanci ƙarƙashin sitona, ya fito yana kuka yana birgima kamar an watsa masa yaji. Abin da ya biyo baya ba ya rubutuwa. Shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin karatu, na karanta bayanin wari iri-iri, babu wanda ya kama ƙafar wannan. A haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da tayar da ke ci da wuta, a rufe a tukunya kwana uku cikin zafin Afrilu, sannan a buɗe a ɗakin da mutum yake kwana. Har liman ya gajarta addu'a bayan magariba, kuma masallacin gida huɗu ne tsakaninmu.

Jiya a ƙofar masallaci Alhaji Maliki ya ce matarsa, Hajiya Baiwa, ta shiga gidana ba ta tarar da matata, Malama Ummu Hani, ba, ko lafiya? Na ce ƙirjinta ne. Na ce ba ta jure wari, ta tafi Argungu wurin yayanta har iska ta gyaru. Ban shirya maganar ba, ita ta fito da kanta, a gyare, kamar dama tana jira a bakin ƙofa.

Ita da safe ta tafi. Warin da yamma ya zo. Ba wanda ya tambaye ni wanne ya riga wanne.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Shayi da burodi. Na kira wayarta, ba a ɗaga ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko

Alhaji Maliki ya tara mazan layinmu a gindin dogon yaro. Shekara talatin da biyar ya yi yana malamin gona, tun da ya yi ritaya kuma bai sami wanda zai ba umarni ba sai kajinsa. Yau Allah ya kawo masa bodari. Ya zo da takarda, ya zana layinmu na Gesse gida-gida, ya sa jan biro a kan nawa.

Ya ce ba a kashe shi. In aka kashe shi a ƙarƙashin gini, warin zai zauna da ni har damina biyu. Ba a kuma toshe ramin yana ciki. Abin da ake yi shi ne a sa unguwa ta zame masa wurin da ba daɗin zama: ba abinci, ba duhu, ba maɓoya, sai ya gaji ya tattara ya koma fadama inda ya fito. Na ce wannan tsarin ai an daɗe ana gwada shi a kan ma'aikata, kuma har yanzu muna nan. Mutum biyu suka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya ce abin ba na wasa ba ne, tun da baiwar Allah ta bar ɗakinta saboda shi, hakki ne a kan kowa. Gobe gayya.

Na so in ce kada a wahalar da jama'a. Na buɗe baki na ga ba ni da dalilin da zan bayar.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan azahar

Mutum goma sha ɗaya suka zo, da fartanya da manjagara. An share busasshiyar ciyawar filin da ke bayanmu, wanda mai shi ya saya tun ina da baƙin gashi bai taɓa aza bulo ɗaya ba. An kwashe tsofaffin tayoyin da na ajiye don wani amfani da na manta. An tashi tarin bulon da ke jikin sito, ɓeraye suka watse, Alhaji ya nuna su da sanda ya ce ga tuwon bodarin nan. An sa ragar waya a bakin kwata. An yi doka: kowa ya rufe garwar shararsa, kaji su shiga akurki kafin magariba, kada a ƙara zubar da kan kifi a bayan gida.

A ƙarshe Alhaji ya aika aka kawo toka daga madafinsa, tun da nawa ba a hura wuta, ya tankaɗe ta da rariya a bakin ramin, lallausa, ya baje ta da bayan faranti. Ya ce kullum da safe za mu duba. Sawu ya fita ya dawo, yana nan. Ran da toka ta kwana uku babu sawu, a kawo siminti. Kuma ran nan, in ji shi, da motarsa za mu je mu ɗauko Malama.

Kowa da zai tafi sai ya ce Allah ya ba ta lafiya. Na ce amin sau goma sha ɗaya.

Yau kwana bakwai da walimar saukar karatunta.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da hantsi

Akwai sawu. Ya fita, ya dawo. Ƙanana ne, kamar an danna kan yatsa a garin tuwo, da 'yan layukan farce a gaba. Alhaji ya yi tsaki. Ni ma na yi, don kada a bar shi shi kaɗai.

Litinin, 14 ga Afrilu, a wurin aiki, ƙarfe sha ɗaya

Ba wuta, fanka a tsaye, masu karatu uku, biyu barci suke.

'Yata Nuriyya ta kira daga Sakkwato. Tun da ta yi aure ta koyi wata irin gaisuwa mai tsawo wadda ake jin tambaya na tafe a bayanta. Ta gama da lafiyar mijinta da ta yara, sannan ta ce, "Baba, ka je?" Na ce aiki ya yi yawa. Ta ce Argungu ko awa ɗaya ba ta kai ba. Na ba ta labarin bodari, na kwaikwayi Alhaji da jan bironsa, na sa duk gishirin da nake da shi. Wannan yarinyar tun tana goye nake sa ta dariya. Ta bari na gama, ta ce kati zai ƙare.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Mataki na biyu. Alhaji ya kawo fitilar sola ya saita ta a bakin ramin, ya kawo tsohuwar rediyonsa ya ɗora a kan bulo. Ya ce dabbar da rana take barci, to mu hana ta. Tun safe rediyo ke magana da ƙarƙashin sitona. Yanzu bodarin ya san farashin albasa, ya san wanda ya rasu a Jega, ya ji wa'azi biyu a kan haƙuri da maƙwabci. Idan ya fita daga gidan nan zai fi rabin masu zuwa ɗakin karatunmu sanin duniya.

Gidan ya yi ƙara, aƙalla. Ban kashe ta ba ko da Alhaji ya ce a riƙa kashewa da magariba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da safe

Sawu. Na kira, ba a ɗaga ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, da rana tsaka

Bari in rubuta wannan sau ɗaya in huta. Mutane sun yi dariya. Wannan gaskiya ce kuma ya kamata ta shiga lissafi. Ba ni kaɗai ba ne a filin makarantar. Rumfar maza ta yi dariya, rumfar mata ta yi, har malamarsu na ga ta rufe baki da mayafi. Idan abu ya ba mutum ɗari biyu dariya, ban san yadda za a ce mutum ɗaya ne ya yi laifi ba.

Shekara bakwai ta yi tana zuwa Islamiyyar matan aure, Asabar da Lahadi, da damina da rani, ta sauke tana da arba'in da shida. Su tara suka sauke. Aka ce mazansu su yi kalma biyu-biyu a lasifika. Sauran takwas suka yi godiya ga Allah da malamai suka zauna, wani ma murya na rawa. Ni aka sani da magana. Ana miƙo mini lasifikar na ga mutane sun gyara zama, sun fara murmushi tun ban ce komai ba. An ce in yi kalma biyu. Na yi uku. Na kwaikwayi kurakuranta na karatu ina gyarawa.

Muka koma gida tare. Lahadi ta yi wanki, ta yi tuwo, ta jera mini rigunan mako a kan kujera kamar kullum. Ni har na ɗauka ya wuce.

To, na rubuta. Ban huta ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan asuba

Na gan shi. Na fito zan tafi masallaci, gari ya fara haske, sai ga shi yana dawowa ta gindin katanga. Duk wannan tashin hankalin, bai kai tsawon hannuna ba. Baƙi ne da fararen layuka daga kai har gindi, jela a buɗe kamar tsintsiya. Bai yi gudu ba. Ya tsaya ya dube ni irin kallon da akawun kotu ke yi wa wanda ya zo ba ranar shari'arsa ba, ya taka tokar Alhaji a tsanake, ya wuce fitilar, ya shige.

Ya rame, a ganina. An rufe shara, an kori ɓeraye, kaji suna kulle. Ban san me yake ci ba.

Talata, 22 ga Afrilu, da magariba

Ƙwai ɗaya ya faɗi kusa da sito. Bai fashe ba. Na bar shi inda ya faɗi, bayana na ciwo.

Laraba, 23 ga Afrilu, da magariba

Kan busasshen kifi biyu. Ni da na ɗaga hannu aka yi dokar.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da safe

Sawu ɗaya ne yau, mai fita. Babu mai dawowa. Kan kifin jiya na nan, tururuwa sun rufe shi, na yi sauri na tura shi ƙarƙashin bulo da ƙafa kafin Alhaji ya ƙaraso.

Alhaji ya durƙusa ya daɗe yana kallo, ya tashi fuskarsa kamar an ce masa an dawo da shi aiki. Ya share tokar, ya tankaɗa sabuwa. Ya ce daga gobe za mu fara ƙirga. Na ce ni har yanzu ina jin warin. Ya shaƙi iska ta gabas, ya shaƙi ta yamma, ya ce wataƙila ya zauna mini a hanci ne, in riƙa shaƙar lemun tsami.

Na ciyar da shi kwana uku, ya tafi ko sallama babu. Ba zan yi sharhi a kan wannan ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Toka lumui. Ɗaya.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da safe

Biyu. Alhaji ya kai motarsa an canza mata mai. Hajiya Baiwa ta aiko da tambaya ko akwai abin da za a share a ɗakin Malama kafin ta iso.

Lahadi, bayan la'asar

Na yi ta tsara abin da zan ce wa yayan Malama, Yaya Aminullahi, idan na shiga zaurensa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, yana sauraronka yana kallon tabarma, har sai ka ji maganarka ta fara yi maka nauyi a baki. Duk jimlar da na gina, sai in ga ta karkata ta nufi wurin ban dariya. Na gwada a gaban madubi. Fuskata ma ba ta iya zama daidai ba.

Ba tsoron Yaya nake ba. Idan na je na tsaya a gabanta ta ce a'a, to an faɗa. Yanzu ba a faɗi komai ba. Yanzu ƙirjinta ne.

Ina da mabuɗin ɗakin karatu. A kantar littattafai ta uku daga ƙofa akwai wani tsohon littafin Turawa na namun dajin ƙasashen nan, rabonsa da a are shi tun kafin a haifi Nuriyya. A bayansa akwai zanen sawun kowace dabba.

Litinin, 28 ga Afrilu, da hantsi

Akwai sawu. Ya fita, ya dawo.

Aiki ne mai kyau, ko da ni na faɗa. Bayan cokalin shayi don tafin, kan biro don yatsu biyar, tsinken tsintsiya don farce. Na ajiye littafin a buɗe a kan bulo na bi shi layi-layi, na gama kafin a tada salla.

Alhaji ya tsaya a kansa ya fi minti biyar. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce ikon Allah. Ya ce a mayar da buhun simintin inuwa.

Na karya kumallo sosai yau. Daga baya ya tsaya mini a ƙirji.

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Sawu. Hannuna ya fara sabawa.

Alhaji ya ce abin ya wuce iliminsa, gobe zai kawo wani Hammadu daga Ambursa, manomin shinkafa, wanda duk fadamar can shi ake kira idan gafiya ko ɓera sun addabi gona. Na ce kada a ɗauko bawan Allah daga aikinsa. Ya ce ya riga ya kira.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan azahar

Hammadu ya zo a bayan mashin, dattijo ne siriri, ƙafafunsa sun tsattsage da laka. Ya gaishe ni da ladabin da ya sa na ji kunya tun kafin a fara. Bai kalli tokar ba da farko. Ya kwanta rub da ciki ya sa hanci a bakin ramin, ya zura hannu ya ɗebo ƙasa ya murza, ya nuna wa kansa wata yanar gizo da ta ratsa bakin ramin daga sama. Sannan ya zauna a kan dugadugansa ya kalli aikina. Ya gwada shi da tafin hannunsa.

Ya ce wa Alhaji ko za a samu ruwan sha. Alhaji ya tafi da kansa.

"Malam," in ji shi, murya ƙasa, "ba kowa cikin ramin ga. Ya yi kwana biyar da tahiya."

Na ce to sawun fa?

"Sawun ya yi kyau. Wanda ya yi shi ya yi ƙoƙari, har da akaihu bai manta ba." Ya sake ɗora hannunsa a kai. "Sai dai bodarin da ad da wagga ƙahwa, ba shi shiga rami. Shi za ya cinye karen Alhaji, ya dawo ya tambayi Alhaji."

Bai yi dariya ba. Na jira ya yi, don in taya shi, mu wuce wurin. Bai yi ba. Ya sa gefen hannu ya shafe tokar gaba ɗaya, a hankali, kamar mai shafa kan yaro. Da Alhaji ya dawo da ruwa sai ya ce masa tsohon sawu ne iska ta buɗe, a rufe ramin yau ko gobe. Ya sha ruwa, ya ƙi karɓar komai, ya hau mashin.

Na koma ɗaki na buɗe littafin. A ƙasan zanen, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa an ninka girman sawun sau uku don a gani da kyau. Layi ɗaya ne. Ban karanta shi ba.

Ni, mai gyara wa mutane karatu a lasifika.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan la'asar

Ba aiki yau. Mun rufe ramin, ni da Alhaji, shi yana kwaɓa siminti ni ina miƙa ruwa. Ya cika shi da duwatsu, ya shafe, ya gyara gefen da bayan cokalin magini kamar wanda zai sa hannu a kai. Ya naɗe wayar fitilarsa, ya kashe rediyo. Shirun da ya sauko gidan sai da na ji shi a kunne.

Muka zauna a kan bulo. Na ce, Alhaji, akwai maganar da ban faɗa maka daidai ba. Ya ci gaba da kankare siminti daga yatsunsa.

"Malam Sirajo," ya ce, "Hajiya na rumfar mata ran walima. Kuma ran Litinin da sahe tana shara ƙohwar gida Malama ta wuce. Kare kuwa sai da la'asar ya tsallaka."

Na ce wato tun ranar farko.

Ya ce tun ranar farko. Ya ce mutum goma sha ɗayan nan ma, in ban da Nasrullahi mai shago da ba ya jin komai sai kuɗi, kowa matarsa ta gaya masa.

Na tambaye shi to don me aka share fili, aka sa raga, aka hana yara zubar da ƙashin kifi mako uku. Ya ce bodari dai gaskiya ne, ya ci masa 'yan tsaki shida.

"Kuma kai ka ce wari ya hana ta dawowa. Munka ce to, mu ɗauke warin mu gani."

Na nemi abin da zan ce mai ɗan gishiri. Babu. Ya ce jibi Asabar, ƙarfe takwas, kuma in sa babbar riga, ba wannan ta 'yan boko da nake yawo da ita ba. Ya ce shi zai yi magana da Yaya, don ba a aika mai laifi shi kaɗai, amma abin da ke bayan zaure nawa ne, ba zai shiga mini ba.

Biko. Ga shi na rubuta. Shekara hamsin da uku, da furfura, da jikoki biyu.

Juma'a, 2 ga Mayu, da yamma

Na kai rigar guga. Na kira Nuriyya na ce gobe. Ta ce, "To, Baba." Sannan ta ce don Allah kada in ba da labari.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan isha'i

Mun je. Mun dawo mu biyu.

Yaya Aminullahi ya karɓe mu a zaure, aka kawo fura. Shi da Alhaji suka yi maganar ruwan gulbi da ya ja baya, da shinkafar rani, da tsadar taki, har na fara zaton an manta da ni. Sannan Alhaji ya gyara murya ya ce mun zo ne da kai a ƙasa. Yaya ya kalli tabarma. Ya ce shi ba a gaya masa komai ba, ƙanwarsa ta zo ta ce za ta kwana biyu, gidan ubanta ne, bai tambaye ta ba. Ya ce abin da ya sani kawai, tun zuwanta matan layin suke taruwa wurinta bayan la'asar tana yi musu ƙarin karatu, har an fara cewa kada a bar ta ta tafi. Ya faɗi wannan yana kallona, karo na farko. Sannan ya ce in shiga.

Tana ƙarƙashin rumfa tana tsintar shinkafa a faifai. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙon da ya zo daga nesa, ta tambayi hanya, ta tambayi aiki, ta turo mini kujera da ƙafa. Na zauna. Na dubi faifan. Kuma, Allah ya sani ban yi niyya ba, na ji bakina ya fara: wai ta san an yi mana baƙo a ƙarƙashin sito?

Ba ta ɗago ba.

"Malam, in labarin bodari ka zo da shi, Baiwa ta riga ka. Har da cokali."

Ta fitar da tsakuwa biyu ta ajiye a gefe.

"Shekara bakwai ina bitar karatuna a ɗaki, kana tsakar gida da littafinka. Ban taɓa jin ka ce in zo in karanta maka ka ji ba. Na ɗauka ba ka saurare ne. Sai ran nan na gane kana saurare. Tarawa kake."

Ban kare kaina ba. Ban ce mutane sun yi dariya ba, ko da yake ya zo har bakin haƙorana. Abin da na ce gajere ne, ba ado, ba zan rubuta shi nan ba don idan na rubuta zan gyara shi. Muryata ta yi irin ta mutumin nan da na raina a filin makaranta. Na faɗa, na sake faɗa, don na farkon bai fito sosai ba.

Ta daɗe tana juya shinkafar da yatsa. Ta ce ta ji. Ta ce rana na yi, kada mu bar Alhaji a zaure. Na tambaya ko za ta shirya. Ta ce mata na zuwa bayan la'asar, sun kusa kai ƙarshen izu, ba za ta bar su a tsakiya ba. Na ce yaushe ke nan? Ta ce ya danganta da ƙoƙarinsu.

Na fito. Alhaji ya dubi bayana, ya ga ba kowa, ya miƙe. Mun yi sallama, mun shiga mota, har ya tada, sai Yaya ya fito daga cikin gida da kansa, yana jan wata babbar jaka da hannu biyu. Ya ce a buɗe but. Ya ce an ce a wuce da wannan, ta yi nauyi a motar haya. Na tambaye shi ko an faɗi rana. Ya ce shi jaka aka ba shi.

Daga Argungu har Gesse Alhaji albasa yake yi mini bayani, yadda ake ajiye ta kada ta ruɓe. Ban taɓa jin daɗin maganar albasa haka ba.

Lahadi, 4 ga Mayu, da hantsi

Jakar tana tsakiyar ɗakinta inda na sauke ta. Sai da na huta sau biyu tsakanin ƙofar gida da nan. Ban buɗe ba. A nauyinta dai, ina jin duk abin da ta tafi da shi ne, in ban da na jikinta da wataƙila ɗaya na canji.

Na zauna a bakin gado na yi lissafi. Da wannan zafin, mutum ba ya daɗewa da zani biyu.